Takardu Biyar Daga Wani Fasinja

Akwai wani mutum a garin Sundsvall, can ƙasar sanyi da dusar ƙanƙara, mai suna Sixten, wanda a shekara arba'in ba a taɓa jin ya faɗa wa kowa baƙar magana ba.

Rubutawa yake yi.

Shi ne shugaban mazauna wani dogon bene mai hawa shida, kuma fadarsa ita ce ɗakin wankin da ke ƙasa, inda kowane gida ke da ranarsa da sa'arsa. Idan ka zarce lokacinka da minti goma, ko ka bar tarkacen zare a injin busar da kaya, ba wanda zai tare ka. Sixten zai gaishe ka a matakala da fara'a, har ya tambayi lafiyar gwiwarka. Kashegari sai ka tarar da 'yar takarda manne a jikin injin, an ja layi biyu a ƙarƙashin "wasu mutane". A ƙasa kuma an sa hannu: Wani maƙwabci.

Kowa a benen ya san maƙwabcin. Ba wanda ya taɓa gaya masa, domin hakan zai zama tarar mutum ido da ido, mu kuwa nan ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Matarsa ma da zaman ya ishe ta, takarda ta bar masa a jikin firiji ta tafi. Abin ya yi masa ciwo, amma ya yaba da tsarin.

Abokansa uku ne, duk a benen suke. Akwai Gunnel, tsohuwar malamar firamare, wadda ta shekara talatin da biyar tana karanta wa yara labarai. Akwai mijinta Bosse, mai tanadin bakinsa don abinci. Sai Rune, tsohon direban tirelar katako, wanda matarsa Maj ta rasu shekara biyu kafin wannan labarin.

Maj ce ta fara kawo zancen tafiyar: mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa, a zaga tsibiran Karibiyan. Duk hunturu sai sun tattauna shi wajen shan kofin ranar Alhamis, su amince cewa shawara ce mai kyau, su ɗage ta zuwa baɗi. Haka aka yi ta yi har Maj ta riga su tafiya wani wurin.

A wannan shekarar sai Rune ya ajiye kofinsa ya ce, "Bana za mu je."

Sixten ya ce, "Saurin me ake yi? Teku ai ba gudu zai yi ba."

"Shi kam ba zai gudu ba. Bana dai."

Suka tashi a watan Fabrairu, lokacin da rana ke leƙo garin kamar mai zuwa ta'aziyya, ta ɗan zauna ta tashi.

Jirgin ya fi benensu tsawo. Gunnel da Bosse suka kama ɗaki ɗaya, Sixten da Rune suka kama na kusa da su, ɗan ƙarami mai gado biyu da baranda. Kafin jirgi ya bar gaɓa Sixten ya gama rabon ƙasa: kanta ta hagu tasa, ta dama ta Rune. Koren buroshin haƙori nasa, shuɗi na Rune. Sabuwar malafar da ya saya musamman don tafiyar kuwa ya rataye ta a ƙugiyar da ke gefen gadonsa, inda ba mai shakkar mai ita.

Da safiyar rana ta biyu ya shiga banɗaki, ya tarar da koren buroshin a jiƙe.

Ya daɗe yana kallonsa. Daga baranda ya jiyo muryar Rune.

"Sixten, zo ka ga ruwan nan. Wane irin launi ne wannan?"

"Shuɗi."

"Shuɗi kawai?"

"Ruwa ne, Rune."

Ya fito, ya tambaye shi yadda ya kwana, suka yi hirar iska. Da Rune ya shiga wanka, Sixten ya ciro biro da 'yar takarda daga aljihun jakarsa, inda yake ajiye su saboda ɓacin rana. Ya rubuta: "Ana tunatar da wasu mutane cewa buroshin haƙori ba kayan jama'a ba ne. Wani fasinja." Ya ja layi biyu, ya ajiye a kan matashin Rune.

Fasinjoji biyu ne a ɗakin.

Rune ya fito ya ga takardar. Ya kai ta kusa da fuskarsa, ya ɗan karkata kai, ya yi murmushi. Ya ninke ta a hankali ya sa a aljihun rigarsa.

"Na gode, Sixten."

"Da me fa?"

"Ba komai."

Sixten ya ɗauka saƙo ya isa. Kashegari buroshin ya sake kwana a jiƙe, kuma da jirgi ya tsaya a tsibiri na farko, sai ga Rune ya sauko da malafar a kansa. Duk yawon da suka yi a kasuwa, tsakanin masu sayar da kayan yaji da masu fasa kwakwa, Rune na manne da bayansa kamar jela, yana take masa dunduniya. Sixten ya yini da tsakar kai a rana, ya dawo da sanƙo ja kamar tumatir. Aka yi takarda ta biyu.

Wajen cin abinci ma wani salo Rune ya fito da shi. Ko duban takardar jerin abinci ba ya yi. Sai ya jira Sixten ya zaɓa, ya ce wa mai hidima, "Ni ma irin nasa." Kifi, kifi. Miya, miya. Ran nan don gwaji Sixten ya nemi wani abu mai ƙafafu takwas da shi kansa ba ya so, Rune ya ce irin nasa. Suka zauna su biyu suna tauna abin kamar roba.

A rana ta huɗu Sixten ya hango Rune a bakin tafkin wanka na saman jirgi, ya ɗaga masa hannu. Rune ya dube shi sosai, ya kau da kai. Sixten ya sake ɗagawa, har wata baƙuwar mata ta ɗaga masa nata don tausayi. Aka yi takarda ta uku. Ta huɗu kuwa a kan takalmin wanka ce, wanda Rune ya sa wari nasa wari na Sixten ya tafi da su karin kumallo.

Kowace takarda haka Rune ke karɓarta: ya kai kusa da fuska, ya yi murmushi, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce na gode. Wannan godiyar ta fi komai ƙona wa Sixten rai. A benensu mutum kan ji kunya ya gyara, ko ya ji haushi ya gyara. Ba a taɓa gode masa ba.

Gunnel ta same shi shi kaɗai a jingine da ƙarfen jirgi.

"Ranka ya daɗe shugaba, wa ya taɓa mana kai? Fuskar nan taka za ta iya tsinka madara."

"Lafiya lau."

"Kai da Rune ne?"

"Na sanar da shi abin da ya kamata."

"Da baki?"

"Ta hanyar da ta dace."

"Haba Sixten. Tsakanin gadonka da nasa ko kyanwa sai ta yi dabara kafin ta wuce. Wasiƙa kake aika masa?" Ta dube shi. "Yaushe rabonka da ganin Rune a kan sitiyari?"

"Ya ce ya bar tuƙi ne don kare muhalli."

"Rune. Wanda ya shekara talatin yana kwashe daji a tirela."

"Ai ba a tsufa da tuba," in ji Sixten. Gunnel ta girgiza kai ta tafi.

Rana ta biyar ce ta kawo babban laifin. Suna shan kofin ƙarfe uku, aka kawo musu kek na abarba a faranti. Aka ci, ya rage yanki ɗaya. Gunnel ta raba shi biyu ta ɗauki rabi, kamar yadda ake yi. Bosse ya raba ragowar biyu ya ɗauki rabi. Abin da ya saura bai fi kan yatsa biyu ba, kuma kowa ya san makomarsa: zai zauna a farantin har a zo a kwashe, don kada a ce wani ne ya cinye na ƙarshe. Ƙasarmu ta shekara ɗari biyu ba ta shiga yaƙi ba, wasu na ganin sirrin ke nan.

Rune ya miƙa hannu ya ɗauke shi ɗungurungum, ya jefa a baki.

Bosse ya daina tauna. Gunnel ta sami abin kallo a cikin kofinta.

Da yammacin nan Sixten ya zauna ya rubuta takarda ta biyar, wadda ta fi sauran tsawo. "Da Maj na raye da ta ji kunya. Tun da ta rasu wasu mutane suka zama kaya a wuyan abokansu, ba gaisuwa, ba kara, ba tambaya. In an koma gida kowa ya kama gabansa, a bar zancen kofin Alhamis. Wani fasinja." Ya danna biron har ya huda takardar a wuri biyu.

Rune ya karɓa, ya ninke, ya ce na gode. Abota ta shekara talatin ta ƙare ke nan a ganin Sixten, kuma ta ƙare cikin tsari, ba tare da an ɗaga murya ba.

Rana ta shida ce ta liyafar ban kwana. Ƙarfe shida daidai suna zaune a teburinsu, kowa cikin kwat ban da Gunnel. An kwashe farantan miya ke nan sai Rune ya ƙwanƙwasa kofin gilashi da cokali.

"Ina da magana."

Bosse ya waiga yana neman ƙofa.

Rune ya ce, "Tun watan Oktoba likita ya gaya min. Tsakiyar idona ce ke tafiya, duka biyun. Gefe-gefe ina gani, amma duk abin da na kalla kai tsaye sai ya zama hayaƙi. Fuskokinku ma yanzu da murya nake gane su. Karatu kuwa an wuce wurin. Shi ya sa na ce bana. Na so in ga ruwan da Maj ta yi ta zancensa tun ina iya rarrabe launi."

"Me ya hana ka faɗa mana, ɗan banza?" in ji Gunnel.

"Don kada ku fara lallaɓa ni kamar ƙwai. Ku bari in gama." Ya sa hannu a aljihu ya fito da takardu biyar a ninke, ya jera su a kan tebur. "Duk ranar da zan yi doguwar tafiya da tirela, Maj kan bar min 'yar takarda a kan matashi. Tun da ta tafi ba wanda ya rubuto min komai sai asibiti. Sai ga mutumin nan, da ba ya iya cewa komai da baki, kusan kullum sai ya ajiye min ɗaya. Ban san abin da ke ciki ba. Gunnel, ke ce mai karatu. Karanta min."

Sixten ya yi lissafin hanyoyin da suka rage masa. Teku na hawa tara a ƙasa. An nuna musu inda rigunan ceto suke tun ranar farko, amma yana can yana duba ko an rataye su daidai, bai saurari bayanin ba.

Gunnel ta sa tabarau. Ta karanta takardun a zuci, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Da ta kai ta biyar sai ta ɗago ta dubi Sixten ta saman tabarau, irin kallon da ya shekara talatin da biyar yana sa yara amsa laifin da ba a ma tambaye su ba.

Sannan ta gyara murya, ta ɗauko muryar karanta labari.

"Ta farko. 'Rune, tsakanina da kai babu nawa babu naka. Ko buroshina ne, ka ɗauka.'"

"Har buroshi?" in ji Bosse.

"Haka aka rubuta. Ta biyu. 'Malafar nan ta fi yi maka kyau. Na bar maka.' Ta uku. 'Na lura ka daina tuƙi. In mun koma gida, duk inda za ka ni zan kai ka a motata, in jira ka, in dawo da kai.'"

Sixten bai taɓa barin kowa ya shiga motarsa da takalmin da ya taka dusar ƙanƙara ba.

"Ta huɗu. 'Daga Litinin zuwa Juma'a zan riƙa hawowa da safe in karanta maka jarida. Har da shafin wasan hoki na kan ƙanƙara.'"

Rune ya ce, "Kai! Sixten da ya ce hoki dambe ne da aka sa wa takalmi?"

"Ni dai karatu aka sa ni." Ta ɗauki ta biyar, mai huji biyu. Ta riƙe ta ɗan lokaci. "'Da Maj na raye...'"

Sixten ya rufe ido.

"'...da hankalinta ya kwanta, don ta ga ba kai kaɗai ba ne. Kofin Alhamis yana nan har sai ɗayanmu ya bi ta.' An sa hannu: Sixten."

Wannan ne karo na farko da sunansa ya fito a ƙasan wata takarda tasa.

Gunnel ta miƙo masa ita ta saman tebur. "Haka ka rubuta ko, shugaba? Ni ma idon nawa ya fara tsufa. In na yi kuskure ka gyara min."

A shekara arba'in Sixten bai taɓa barin kuskure ya wuce shi ba. Ya dubi rubutun hannunsa, da layukan da ya ja, da sunan Maj a inda ya sa shi. Ya dubi Rune, wanda ya karkata kai gefe don ya samu ya gan shi ta wutsiyar ido. Sai yanzu ya gane kallon bakin tafki, da bin bayan da aka yi masa a kasuwa.

"Akwai kuskure ɗaya," in ji shi.

Gunnel ta dube shi ta saman tabarau.

"A ta huɗu. Kin tsallake Asabar da Lahadi."

Gunnel ta karɓe takardar, ta haɗa da sauran, ta zuba a jakarta ta ja zif. "Ni zan adana su," ta ce. "Saboda tarihi."

Da safiyar rana ta bakwai jirgi ya doshi tashar da suka taso. Rune na baranda da malafa a kansa.

"Wane launi ne yau?"

Sixten ya fito ya tsaya kusa da shi. Ya duba da gaske. "Nan kusa kore ne, irin na kwalbar magani. Can gaba ya fi duhu, kamar labulen ɗakin Gunnel na da. Inda rana ta taɓa kuma... ban san sunansa ba. Kamar an zubar da cokula."

"Ba laifi. Za ka koya," in ji Rune. "Ka san wani abu? Haruffa ne ba na gani. Layin da ake ja a ƙasa kuwa ko da yatsa ana jin sa. Shekara talatin muna wanki a ɗaki ɗaya, Sixten. Na san 'wasu mutane'."

Sixten ya kama ƙarfen baranda. "To me ya sa ka ba Gunnel ta karanta?"

"Don ita ma na san ta."

Wani tsuntsu ya wuce. Sixten ya laluba aljihu inda biro ke zama, ya cire hannunsa.

"Rune, abin da na rubuta ba shi da kyau. Musamman ta ƙarshen. Ka yafe min."

"Da baki? Kai, a kira likitan jirgi." Rune ya dafa kafaɗarsa, bayan ya ɗan lalube ta. "Ya wuce. Ni ma ka yi haƙuri da buroshin, duk launinsu ɗaya a wurina. Kek ɗin dai na gan shi sarai."

Shekara uku ke nan da dawowarsu. Sixten ya haddace sunayen 'yan wasan hoki na ƙungiyoyi goma sha huɗu, har yana da ra'ayi a kan masu tsaron gida. Ba a sake ganin takarda a ɗakin wanki ba. Yanzu ƙofa yake ƙwanƙwasawa ya faɗa da baki, kuma mazauna benen sun fara kewar tsohon tsari.

Takardun biyar suna nan a jakar Gunnel. Sau ɗaya kawai ta taɓa buƙatar buɗe zif ɗin, ran da ta ga Sixten ya sake ciro biro.

Darasi: Kafin ka yanke wa abokinka hukunci, buɗe baki ka tambaye shi lafiya, domin abin da ka ɗauka raini ne wataƙila lalura ce yake ɓoyewa. Maganar da ba za ka iya faɗa wa mutum ido da ido ba, kada ka rubuta ta, don ba kullum ake samun Gunnel a teburin ba. Ku tura wannan labari ga wanda kuka san ya dace da shi, amma ku sa sunanku a ƙasa.